Yadda ake kula da karatun da ya ci karo da ƙarshen fayil a faifan VM

Kwamfutar da ke gudana cikin wata kwamfuta, wadda ake kira VM, zan riƙa kiran ta baƙo a wannan bayani, injin da ke ɗauke da ita kuma mai masauki. Abin da baƙo yake gani faifai ne mai sekta-sekta, kowace sekta bayit 512. Abin da mai masauki yake riƙe da shi kuwa sau da yawa fayil ne kawai. Faifai na gaske amsa biyu gare shi: ko ya ba ka dukkan abin da ka nema, ko ya ce an samu kuskure. Fayil yana da amsa ta uku, wato ya ba ka wani ɓangare ya yi shiru. Baƙo bai san wannan amsa ta uku ba, babu ma gurbin da za a rubuta masa ita. A virtio-blk, wato ƙa'idar da baƙo yake bi wajen magana da faifansa, bayit ɗaya tak aka ware wa sakamako: 0 lafiya, 1 kuskure, 2 ba a san wannan umarni ba. Saboda haka aikinka, kai mai rubuta manhajar da ke tsakani, shi ne ka mayar da kowane gajeren karatu zuwa ɗaya daga cikin amsoshin da baƙo ya sani.

A karatun da ake aikawa a wuce ba tare da an tsaya jira ba, lamarin ya fi wuya, domin amsa tana isowa ne a wani wuri daban, bayan kod ɗin da ya aika buƙatar ya daɗe da tafiya harkar gabansa. Kamar ka aiki yaro da buhu ya auno mudu goma ne, ya dawo da bakwai. Ko dai hatsin ya ƙare a wurin mai awo, ko kuma bakwai ya iya ɗauka a zuwan farko. Ganin buhun kaɗai ba zai gaya maka wanne ba ne.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai Linux. Idan io_uring za ka taɓa, wato hanyar Linux ta aika karatu da rubutu ba tare da jira ba, kanel ɗin ya kai 5.1 aƙalla, wanda ya fito a 2019, amma in da hali ka samu na baya-bayan nan. Sai gcc ko clang, da liburing (na io_uring) da libaio (tsohuwar hanyar aikawa ba jira) tare da fayilolinsu na masu rubuta manhaja. Sai qemu-img da qemu-io, waɗanda a Debian da Ubuntu suke cikin qemu-utils; QEMU, manhajar da ke gudanar da baƙi, ya fara karɓar `aio=io_uring` ne daga 5.0 a 2020. Sai strace, da wani babban fayil na gwaji a kan ext4 ko XFS.

Kar ka yi gwajin a /tmp idan tmpfs ne a injinka. Kafin kanel 6.6, tmpfs ba ya yarda a buɗe fayil da O_DIRECT, wato karatu kai tsaye daga faifai ba ta ma'ajiyar wucin gadi ta kanel ba, sai ka ɓata rabin yini kana neman kuskuren da ba naka ba. Idan ba ka da faifai mai sekta 4096, za mu ƙirƙiri na wucin gadi a mataki na 8.

1. Ƙirƙiri fayil ɗin da zai fito da matsalar

```
head -c 1000 /dev/urandom > gwaji.img
qemu-img info -f raw gwaji.img
dd if=gwaji.img of=/dev/null bs=4096 count=1 iflag=direct
```

Fayil ɗin bayit 1000 ne, amma qemu-img zai ce girman faifan 1024, domin QEMU yana cike lissafi zuwa sama ya zama cikakkun sekta. Sekta ta biyu ta fara daga 512 ta ƙare a 1023. Bayit 488 na farkonta suna cikin fayil, 24 na ƙarshe babu su a ko'ina. Shi kuma dd zai nuna `0+1 records in`: ya nemi 4096, ya samu 1000, kuma babu wanda ya ce masa an yi kuskure.

Na zaɓi /dev/urandom da gangan. Idan da sifili ka cika fayil ɗin, ba za ka bambance sifilin fayil da sifilin da kod ɗinka ya zuba ba.

Ba wasa ba ne kawai na ɗakin gwaji. Irin wannan fayil yana zuwa ne daga kwafin da ya yanke a hanya, ko daga wani kayan aiki da bai damu da sekta ba. Akwai kuma qcow2, wato tsarin fayil ɗin faifai na QEMU, da aka ɗora kan wani fayil na tushe da ya fi shi gajarta, da qcow2 da aka matse, inda ake karanta curin ƙarshe da ma'aunin sekta alhali bayanan sun ƙare a tsakiyar sekta.

2. Yanke shawarar girman da za ka gaya wa baƙo

Hanya biyu ce. Ko ka cike zuwa sama kamar QEMU, baƙo ya ga 1024, kai kuma ka ɗauki nauyin bayit 24 ɗin nan. Ko ka rage zuwa ƙasa kamar Firecracker, wata manhajar gudanar da baƙi, wanda yake rubuta gargaɗi cewa ragowar ba za ta bayyana ga baƙo ba. Ta biyun ta fi sauƙi, sai dai tana ɓoye bayanan da suke nan daram a cikin fayil. Ni dai na fi son ta farko, don mai fayil bai ba ka izinin yanke masa wutsiya ba.

Ko wacce ka ɗauka, ka adana lambobi biyu daban: girman da ka shelanta wa baƙo, da ainihin girman fayil da fstat ya ba ka. Idan abin da ke ƙasa na'urar faifai ce, kamar LVM (tsarin Linux na rarraba faifai), fstat ba zai ba ka girma ba, sai ka tambaya da BLKGETSIZE64.

Sannan ka tare duk buƙatar da ta wuce girman da ka shelanta tun a bakin ƙofa, ka mayar mata da kuskure, kar ma ta kai ga kanel. Wannan ba gajeren karatu ba ne, baƙo ne ya nemi abin da aka riga aka gaya masa babu. Wajen lissafin, kar ka tara mafari da tsawo sannan ka gwada, domin baƙo mai mugun nufi zai iya ba ka lambar da za ta cika ta zagayo. Ka fara duba ko mafari bai wuce girma ba, sannan ka duba ko tsawo bai wuce girma a cire mafari ba.

3. Shirya abin da kowace buƙata za ta riƙa tunawa

Tunda amsa a wani wuri take isowa, dole buƙata ta tafi da tarihinta.

```
struct bukata {
    int fd;
    int karatu; /* 1 karatu, 0 rubutu */
    struct iovec *iov; /* Mazuban asali, ba a taba su */
    int niov;
    struct iovec *saura; /* Kwafin da ake gutsurewa */
    int nsaura;
    off_t mafari; /* inda bako ya ce a fara */
    size_t tsawo; /* abin da bako ya nema */
    size_t an_samu;        /* jimillar abin da ya iso */
    int maimaici;
};
```

Abu biyu ne a nan ba a yin sakaci da su. `mafari` da `iov` (jerin mazubai, wato guraben memori da ake zuba bayanai) ba sa canzawa har buƙata ta kammala, duk wani lissafi daga `an_samu` yake fitowa. Jerin `saura` kuma kar ya zauna cikin ma'ajiyar (stack) aikin da zai koma nan take. A tsofaffin kanel, kafin 5.5, io_uring yana iya komawa ya karanta jerin mazubai bayan an aika buƙata, don haka jerin ya rayu har amsa ta iso. Ko a sabon kanel, barin sa cikin `struct bukata` bai rage ka da komai ba.

4. Karanta sakamakon da kyau

Hanyoyi uku ne aka saba bi, kuma kowacce da yadda take faɗin kuskure. Idan tarin ma'aikata, wato zaren aiki (threads) da yawa, ne suke kiran preadv, wato `aio=threads` a QEMU, kuskure yana zuwa a matsayin -1, lambarsa kuma tana cikin errno. A libaio, wato `aio=native`, da io_uring, babu ruwanka da errno: lambar kuskuren ce da kanta take zuwa da alamar ragi a cikin `res`.

Tarkon libaio shi ne, a fayil ɗin libaio.h an ayyana `res` a matsayin lambar da ba ta ɗaukar ragi. Idan ka rubuta `if (ev.res < 0)`, sharaɗin ba zai taɓa cika ba, -EIO zai zama wata ƙatuwar lamba. Ka juya shi zuwa `long` kafin komai. Na io_uring lamba ce mai bit 32 da ke ɗaukar ragi, ba ta da wannan matsala. Ka kwafe `res` da alamar buƙata kafin ka kira io_uring_cqe_seen, domin bayan nan kanel yana da ikon rubuta wata amsa a gurbin.

Ka mayar da duka ukun zuwa siffa ɗaya, lamba mai ragi kuskure, sifili ko sama adadin bayit, sannan ka miƙa wa aiki guda.

5. Rarrabe amsoshin

Nan ne zuciyar aikin, kuma jerin tambayoyin yana da muhimmanci.

```
void amsa_ta_iso(struct bukata *b, long res)
{
    if (res == -EINTR || res == -EAGAIN) {
        sake_aikawa(b);
        return;
    }
    if (res < 0) {
        kammala(b, res);
        return;
    }
    b->an_samu += res;
    if (b->an_samu == b->tsawo) {
        kammala(b, 0);
        return;
    }
    if (!b->karatu) {
        kammala(b, -ENOSPC);
        return;
    }
    if (res > 0 && !mun_kai_karshe(b)) {
        sake_aikawa(b);
        return;
    }
    cika_sifili(b->iov, b->niov, b->an_samu);
    kammala(b, 0);
}
```

Lura cewa an duba cikar buƙata kafin a duba sifili. Buƙata mai tsawon sifili ita ma `res` ɗinta sifili ne, kuma ba ƙarshen fayil take nufi ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar kowane gajeren karatu a matsayin ƙarshen fayil. Dokar read a POSIX ba ta ce haka ba. Abin da ta tabbatar shi ne, sifili ne alamar ƙarshe. Lambar da ta fi sifili amma ba ta kai abin da aka nema ba, ma'anarta kawai "ga abin da ya samu yanzu". Tana iya faruwa a tsakiyar fayil: a tsarin fayil na kan hanyar sadarwa, a FUSE (tsarin fayil da manhaja ke gudanarwa a wajen kanel), ko idan kanel ya karanta ɓangaren farko lafiya sannan ya ci karo da matsala a na biyu. A wannan hali na ƙarshe zai ba ka adadin da ya samu, kuskuren kuma sai a kira na gaba zai bayyana. Ka ga ke nan idan ka zuba sifili nan take, ka binne kuskuren faifai, ka kuma miƙa wa baƙo bayanan ƙarya da tambarin lafiya. Linux ma ba ya wuce bayit 2,147,479,552 a kira ɗaya, ko da yake buƙatun baƙo ba sa kai nan.

QEMU kansa ba hanya ɗaya ya bi ba. A ɓangarensa na libaio, gajeren karatu ƙarshen fayil ne kai tsaye, sai a zuba sifili; hujjar ita ce `aio=native` ba ya aiki sai da O_DIRECT, inda ba kasafai ake samun gajeren karatu a tsakiya ba. A ɓangaren io_uring kuwa ana sake aika ragowar, ba a zuba sifili sai an ga `res` sifili. Idan sabon abu kake rubutawa, ka bi ta biyun. Kuɗinta kira ɗaya ne na ƙari, shi ma sai a buƙatun da suka taɓo ƙarshen fayil, waɗanda ba su taka kara sun karya ba.

Rubutu kuwa babu batun sifili a cikinsa sam. Gajeren rubutu kusan kullum wuri ne ya cika, shi ya sa ake mayar da ENOSPC. A QEMU tsarin da ake samu tun farko shi ne `werror=enospc`, wanda ke dakatar da baƙo har a ƙara wuri maimakon a gaya masa rubutunsa ya lalace. Idan kana so, ka sake aika ragowar rubutun don kanel ya faɗi ainihin kuskuren da bakinsa. Abin da ba a yi shi ne a ce wa baƙo an rubuta alhali rabi ne ya sauka.

6. Sake aika ragowar

Abu uku ne suke matsawa tare: wurin farawa a fayil, jerin mazubai, da tsawon da ya rage. Wurin farawa shi ne `mafari + an_samu`. Jerin `saura` kuma ka sake gina shi daga `iov` na asali kowane zagaye: ka tsallake mazuban da suka cika, wanda aka cika rabinsa ka matsar da bakinsa gaba ka rage tsawonsa.

Wannan wuri ya taɓa cin manya. A 2022 an gyara wani kuskure a kod ɗin io_uring na QEMU, inda ake sa wurin farawa ya zama adadin da aka karanta maimakon a ƙara masa adadin. Wato bayan gajeren karatu sai a koma can kusa da farkon faifai a ɗebo bayanan wani wuri a zuba wa baƙo. Ya daɗe a kwance ba a gani ba, don hanya ce da ba a cika bi ta kanta ba. Shi ya sa na ce `mafari` kar ya canza: idan kullum daga lambobi biyu kake lissafi, babu abin da zai taru bisa kuskure.

Sai batun O_DIRECT. Yana buƙatar wurin farawa da tsawo su zama ninkin ma'aunin na'urar, 512 ko 4096, adireshin mazubi shi ma ya daidaitu. Bayan an samu bayit 488 daga 512, wurin farawa na gaba 1000 ne, wanda ba ninkin 512 ko 4096 ba ne. Wani tsarin fayil zai ga kana ƙarshe ya ba ka sifili, wani zai fara duba daidaito ya ce EINVAL. Idan ka miƙa wa baƙo wannan EINVAL, sekta ta ƙarshe ba za ta taɓa karantuwa ba. Tarin ma'aikatan QEMU suna da sharaɗi na musamman kan haka: EINVAL da ya biyo bayan gajeren karatu a O_DIRECT, ana ɗaukar sa ƙarshen fayil ne.

Na fi son a tambayi fayil ɗin kai tsaye maimakon a yi zato, kuma aikin `mun_kai_karshe` ke nan:

```
int mun_kai_karshe(struct bukata *b)
{
    off_t nan = b->mafari + b->an_samu;
    struct stat st;

    if (nan % daidaito == 0)
        return 0;
    if (fstat(b->fd, &st) == 0 && nan >= st.st_size)
        return 1;
    b->an_samu -= nan % daidaito;
    return 0;
}
```

Idan wurin ya daidaitu, a sake aikawa, kanel zai ba da sifili in ƙarshe ne. Idan bai daidaitu ba kuma fstat ya ce mun kai ƙarshe, an gama. Idan bai daidaitu ba kuma akwai sauran fayil a gaba, a ja baya zuwa iyakar da ta daidaitu a sake karanta 'yan bayit ɗin, babu illa. Wannan ja da baya ya dogara ne kan cewa `mafari` kansa a daidaice yake, wanda dole ne tun farko a O_DIRECT. Idan ba da O_DIRECT ka buɗe ba, `daidaito` ya zama 1.

Ma'aunin daidaiton kar ka rubuta 512 da hannu. Daga kanel 6.1 akwai STATX_DIOALIGN a statx, yana faɗin na fayil da na mazubi. A tsohon kanel, ka yi amfani da BLKSSZGET in na'ura ce, in fayil ne kuma ka gwada ƙaramin karatu da 512, in ya ƙi ka hau sama har 4096.

Abin lura: fstat a kan NFS, tsarin fayil na kan hanyar sadarwa, yana iya tsayawa jiran saba. Idan zare ɗaya ne yake karɓar dukkan amsoshi, wannan tsayuwa za ta riƙe kowa. A irin wannan wuri ka yi amfani da girman da ka adana kana sabunta shi duk lokacin da rubutu ya tsawaita fayil, ko ka aika statx ɗin ta io_uring, wanda ya samu daga 5.6.

Kuma ka sa wa maimaici iyaka. Duk zagayen da `an_samu` bai ƙaru ba, ka ƙara `maimaici`; in ya kai wani ƙaramin adadi da ka zaɓa, ka kammala da EIO. In ba haka ba, wata rana za ka tarar da injin yana ta juya buƙata ɗaya, baƙo kuma ya sandare.

7. Zuba sifili, sannan ka kai wa baƙo amsa

```
void cika_sifili(struct iovec *iov, int n, size_t tsallake)
{
    for (int i = 0; i < n; i++) {
        if (tsallake >= iov[i].iov_len) {
            tsallake -= iov[i].iov_len;
            continue;
        }
        memset((char *)iov[i].iov_base + tsallake, 0,
               iov[i].iov_len - tsallake);
        tsallake = 0;
    }
}
```

Jerin asali ake ba shi da jimillar `an_samu`, ba `saura` da `res` na ƙarshe ba. Haɗa ɗaya daga nan ɗaya daga can yana goge bayanan da aka riga aka karanta.

Wani zai ce ai bayit 24 ne, wa ya damu da abin da ke ciki. Idan mazubin na baƙo ne, abin da zai gani tsohon abinsa ne, kuma sekta ɗaya za ta riƙa ba da amsa daban-daban a kowane karatu, wanda ya isa ya rikita duk wani lissafin tantancewa. Idan kuma ta mazubin wucin gadi na mai masauki karatun ya bi, saboda na baƙo bai daidaitu ba, to abin da ya saura a ciki yana iya zama bayanan wani faifai ko na manhajarka, ka kwashe ka miƙa wa baƙo. Wannan ɓaraka ce ta tsaro. A wannan hali ka zuba sifilin a mazubin wucin gadi kafin kwafi, ko ka kwafi `an_samu` kaɗai sannan ka share ragowar na baƙo. Kar kuma ka dogara da cewa O_DIRECT yakan cika sektar da sifili da kansa. Ka gaskata adadin da kanel ya faɗa kawai.

Wajen kammalawa, tsawon da za ka rubuta a zoben virtio, inda ake ajiye wa baƙo amsoshi, shi ne dukkan mazubin karatu haɗe da bayit ɗin sakamako, ba `an_samu` ba, domin sifilin ma kai ka rubuta shi. Wannan yana da alaƙa da ƙaurar da baƙo zuwa wani inji yana cikin aiki. KVM, ɓangaren kanel da ke gudanar da baƙo, yana lura ne da shafukan memori da baƙo ya rubuta da kansa; waɗanda manhajarka ta rubuta, kai za ka yi musu alama. Idan alamar ta tsaya a `an_samu` kuma sifilin ya tsallaka wani shafi, shafin zai isa sabon inji da tsohon abin da ke cikinsa.

Saura tambaya ɗaya da kod ɗin sama bai amsa ba: idan ƙarshen fayil ya zo a inda bai kamata ba fa? Ka buɗe fayil yana gigabayit 20, yanzu karatu a gigabayit na 5 ya dawo da sifili. Wani ne ya datse fayil ɗin, ko ya rage LVM, alhali baƙo yana kai. A ganina zuba sifili a nan zalunci ne, domin baƙo zai ɗauka bayanansa ne suka zama haka, ya ci gaba da rubutu a kansu. Kafin `cika_sifili`, ka gwada `mafari + an_samu` da ainihin girman fayil da ka adana a mataki na 2. In ya gaza shi, ka rubuta rahoto ka mayar da EIO. In na'urar faifai ce a ƙasa, kowane ƙarshe da aka ci karo da shi irin wannan ne, tunda na'ura ba ta ƙarewa a tsakiyar sekta.

8. Gwaji

Fara da ganin yadda QEMU yake yi, don ka samu abin aunawa:

```
for h in threads native io_uring; do
  qemu-io -r -f raw -t none -i $h \
    -c 'read -P 0 -s 488 -l 24 512 512' gwaji.img
done
```

Umarnin yana karanta sekta ta biyu, ya duba ko bayit 24 na ƙarshe sifili ne. qemu-io yana cika mazubinsa da 0xab kafin karatu, don haka wurin da ba a taɓa ba zai tona kansa. Ka kwaikwayi wannan dabara a naka gwajin. Mazubin da calloc ya ba ka sifili ne tun asali, gwaji zai wuce ko da `cika_sifili` bai yi komai ba.

Na qcow2 mai gajeren tushe:

```
qemu-img create -f raw tushe.img 1M
qemu-io -f raw -c 'write -P 0x55 0 1M' tushe.img
qemu-img create -f qcow2 -b tushe.img -F raw sama.qcow2 2M
qemu-io -f qcow2 -c 'read -P 0 -s 4096 -l 4096 1020k 8k' sama.qcow2
```

Karatun ya haye iyaka, rabinsa 0x55 daga tushe, rabinsa sifili.

A naka kod ɗin, mafi ƙarancin abin da za ka gwada shi ne karatun da ya ƙare daidai kan ƙarshen fayil, da wanda ya haye shi, da wanda ya fara daidai a kansa, da wanda ƙarshen ya faɗo daidai tsakanin mazubi biyu, da fayil ɗin da bai kai sekta ɗaya ba. Na mazubi biyun nan yana iya kama irin kuskuren wanda ya rubuta `>` a wurin `>=`.

Gajeren karatu a tsakiyar fayil ba ya zuwa don ka kira shi, don haka ka ƙirƙire shi. Ka sa wani maɓalli na gwaji a cikin `sake_aikawa` da aikawar farko wanda zai hana kowace buƙata wuce bayit 4096 a zagaye ɗaya. Sai ka karanta fayil mai megabayit da yawa na /dev/urandom da manyan buƙatu, ka gwada sha256sum ɗinsa da na asali. Karatun ya fara daga tsakiyar fayil, ba daga farko kaɗai ba, domin idan `mafari` sifili ne, kuskure irin na 2022 ɗin can zai iya wucewa a zagayen farko ba a gani ba.

In babu faifai mai sekta 4096:

```
truncate -s 512M ramin.img
sudo losetup --sector-size 4096 -f --show ramin.img
```

Ka yi mkfs.ext4 a kan na'urar da ya nuna, ka ɗora ta, ka kwafa gwaji.img ciki, ka maimaita komai. Duk inda aka rubuta 512 da hannu, nan zai fito.

strace yana da amfani a tarin ma'aikata, za ka ga kowane preadv da abin da ya dawo da shi. A io_uring ba zai nuna maka amsoshi ba, don ta zoben da ke cikin memori suke zuwa, haka ma `aio=native` na QEMU yana leƙa zoben kai tsaye. A nan sai ka rubuta `res` cikin rahotonka.

Daga ƙarshe ka gwada da baƙo na gaske. Ka yi fayil mai megabayit 64 da ƙarin bayit 1000, wato 67,109,864, ka haɗa shi a matsayin faifai na biyu. A cikin baƙo `blockdev --getsize64 /dev/vdb` ya kamata ya ce 67109888, sannan:

```
dd if=/dev/vdb bs=512 skip=131073 count=1 iflag=direct | hexdump -C
```

Bayit 24 na ƙarshe su zama sifili. Ka duba dmesg ma, domin tun wajen tashi ake leƙa ƙarshen faifai ana neman kwafin teburin GPT da alamun RAID. Idan kod ɗinka yana mayar da kuskure a nan, za ka ga `I/O error, dev vdb` tun kafin ka taɓa komai.

Idan ba ka da ikon gyara kod ɗin

Wani lokaci manhajar ba taka ba ce, kai dai fayil ɗin ne a hannunka. Ka kashe baƙo, ka yi kwafi, sannan `truncate -s %4096 faifai.img`. Alamar `%` tana cike girman zuwa sama da sifili. Ka kula da yatsanka, domin `/` a wannan gurbi ragewa take yi zuwa ƙasa, ta yanke bayanai. Wannan na ɗanyen fayil ne kawai, kuma zai canza sha256sum ɗinsa, don haka kar ka yi wa ISO ɗin da za a tantance daga baya. Idan kuma ka ga fayil ɗin ya gajarta ne saboda kwafi ya yanke a hanya, cike shi da sifili ba zai dawo da komai ba, sai dai a sake kwafin daga tushe.